Yadda ake yin allurar Xolair a gida ga mai asma, tsiron hanci ko borin jini

Na daɗe ina yi wa masu asma da masu borin jini wannan allura, kuma na koya wa mutane da dama yadda za su yi wa kansu ko 'ya'yansu a gida. Kusan duk wanda ya zauna a gabana ranar farko, tsinin allurar yake ƙura wa ido. Ni kuwa ba tsinin ne damuwata ba. Sokawar ba ta wuce 'yan daƙiƙu, kuma da mutum ya yi sau biyu ko uku hannunsa ya faɗa. Abin da nake so ya zauna masa a kai shi ne tanadin da zai yi kafin ya cire murfi, da abin da zai sa wa ido bayan ya zare allurar.

Sunan maganin omalizumab, amma an fi saninsa da sunan kasuwa, Xolair, na kamfanonin Genentech da Novartis. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fara amincewa da shi a 2003 domin asma mai nasaba da alaji wadda maganin shaƙa ya kasa shawo kanta. A 2014 aka ƙara da borin jini na dindindin, wanda ya wuce mako shida yana fitowa ba tare da an san dalili ba, kuma ƙwayoyin hana ƙaiƙayi sun gaza a kansa. A 2020 aka ƙara tsiron cikin hanci ga manya, a 2024 kuma rage haɗarin alajin abinci. Izinin yin allurar a gida kuwa ya zo ne a Turai a 2018, a Amurka a 2021. Yanzu akwai makamancinsa mai suna Omlyclo na kamfanin Celltrion.

Ga abin da ya kamata ka sani game da aikinsa. A jinin mai alaji akwai wani sinadarin garkuwa da ake kira IgE. Shi ne yake zuwa ya manne a jikin wasu ƙwayoyi da ke cike da histamin (sinadarin da ke jawo ƙaiƙayi da kumburi), da ƙura ko gashin dabba ya taɓa shi sai ƙwayoyin su amayar da abin da ke cikinsu: hanyar iska ta ƙuntace, fata ta yi ruɗu-ruɗu, cikin hanci ya kumbura. Omalizumab yana tare IgE tun yana yawo, ya riƙe shi kafin ya isa wurin mannewa. Saboda haka aikinsa a hankali yake, a asma sai an yi kamar mako 16 kafin likita ya auna ko yana amfani. Kuma ba maganin gaggawa ba ne. Idan numfashi ya sarƙe yanzu, inhelar gaggawa ce abin ɗauka, ba wannan allura ba.

Wa ya cancanci yi a gida

Likita ne yake yanke wannan hukunci, ba kai ba, ba ni ba. Ƙa'idar ita ce an yi maka aƙalla allurai uku na farko a asibiti ba tare da jikinka ya yi bori ba, ba ka taɓa yin mummunan alajin nan da ake kira anafilaksis ba, ka san alamominsa kuma ka iya magance shi, sannan an koya maka allurar ido da ido. Dalili kuwa, mafi yawan waɗanda anafilaksis ya same su da wannan magani, a cikin allurai uku na farko ya same su. Yaron da bai kai shekara 12 ba babba ne yake yi masa. Wanda ya kai 12 zuwa sama yana iya yi da kansa idan likita ya yarda, amma babba yana tsaye a kansa.

Wannan rubutu tunatarwa ce ga wanda aka riga aka koya wa. Idan takardar da ke cikin kwalinka ta saɓa da wani abu da na faɗa, bi takardar.

Kayan da za ka tanada

- Maganin a cikin kwalinsa. Yana zuwa a sirinji da aka riga aka cika, ko a alƙalamin allura mai sarrafa kansa. Ƙarfinsa uku ne: miligiram 75 mai alamar shuɗi, 150 mai alamar shunayya, 300 mai alamar ruwan toka.
- Audugar goge fata mai sifirit, ɗaya ga kowace allura.
- Busasshiyar auduga da ƙaramin filasta.
- Mazubin zubar da allurai, wanda tsini ba ya huda shi.
- Allurar adirenalin (maganin gaggawa na anafilaksis) da likita ya rubuta maka, wadda wa'adinta bai ƙare ba.
- Inhelar gaggawa, idan kana da asma.
- Waya mai caji da lambar neman agaji.
- Wani babba da zai zauna tare da kai.
- Littafi da biro.

Adirenalin da mutumin da zai zauna da kai ba ƙari ba ne, cikin kayan aikin suke. Ina gaya wa kowa: a ajiye adirenalin a kan teburin, kusa da sirinjin, inda hannu zai kai ba tare da an tashi ba. Ba a cikin jaka ba, ba a mota ba.

1. Tabbatar da rana, da adadi, da yadda jikinka yake

Duba takardar likita, kada ka dogara da abin da ka haddace. Ga asma da tsiron hanci, ana lissafa adadin ne daga nauyin jiki da yawan IgE da aka auna kafin a fara magani, kuma ana yi duk mako biyu ko duk mako huɗu. Ga borin jini kuwa miligiram 150 ko 300 ne duk mako huɗu, ba ruwansa da nauyi. Wato wani sirinji ɗaya ya ishe shi, wani sai biyu ko fiye. Mai buƙatar 225, misali, zai haɗa shuɗi ɗaya da shunayya ɗaya. Jera su duka a gabanka ka ƙirga kafin ka fara, kuma a zama ɗaya ake yin su.

Idan ka tashi da zazzaɓi, ko ƙirjinka ya fi kullum nauyi, ko kana ta ɗaukar inhelar gaggawa tun daren jiya, tsaya ka kira asibitinka tukuna. Ban son a yi allurar a kan ƙirjin da ya riga ya matse, domin idan bori ya zo za a rasa gane wanne ne wanne. Haka kuma na fi son a yi ta da safe ko da rana, ba dab da barci ba, don a samu sa'o'in da ido yake biyu.

2. Fito da kwalin ka bar shi ya saki sanyi

Maganin yana zama a firji, tsakanin digiri 2 da 8 a ma'aunin Salshiyos. Fito da shi ka ajiye a kan tebur mai tsabta, yana cikin kwalinsa don kada haske ya same shi, nesa da hannun yara. Ƙananan sirinjin suna buƙatar minti 15 zuwa 30, mai 300 da alƙalami minti 30 zuwa 45.

A nan ake yawan garaje. Wani bawan Allah ya dawo mini yana cewa allurar gida ta fi ta asibiti zafi, har sandar turawar ma ta yi masa tauri. Da na bincika, ashe daga firji yake ɗauka ya soka kai tsaye don kada ya makara wurin aiki. Ruwan maganin yana da ɗan kauri, sanyi kuma yana ƙara masa. Amma kada ka ce za ka taimaka masa: ba a sa shi a ruwan ɗumi, ba a shanya shi a rana, ba a kai shi kusa da wuta. Zafi yana lalata shi ba tare da ido ya gani ba. Kuma ba a girgiza shi.

3. Duba maganin

Buɗe kwalin, ka ɗauko sirinjin ta tsakiyarsa. Kada ka kama shi ta sandar turawa ko ta murfin allurar, kuma kada ka taɓa 'yan fikafikan kariyar da ke kusa da sandar, don taɓa su yana iya sa kariyar ta rufe tsinin tun ba a yi komai ba, sirinjin ya tashi a banza.

Duba suna, da ƙarfi, da ranar ƙarewar wa'adi. Sai ka ɗaga shi wajen haske. Ruwan ya zama garau, mara launi ko mai ɗan ratsin rawaya-rawaya. Idan ya yi gurɓi, ko ya sauya launi, ko ka ga wani abu yana yawo a ciki, ko sirinjin ya tsage, ko ya taɓa faɗuwa babu murfi, ajiye shi gefe ka kira inda aka ba ka. 'Yar kumfar iska kuwa ba matsala ba ce. Kada ka yi ƙoƙarin fitar da ita yadda ka ga ana yi da wasu allurai, maganinka za ka zubar.

Murfin wasu nau'o'in sirinjin yana ɗauke da robar latas. Wanda safar hannu ta roba take sa masa ƙaiƙayi ko kumburi ya gaya wa likita tun kafin a ba shi.

4. Wanke hannu, ka zaɓi wuri

Sabulu da ruwa, ka tsane. Wuraren allurar su ne gaban cinya daga tsakiya, da ciki amma a bar tazarar santimita 5 daga cibiya ta kowane gefe. Bayan dantse sai idan wani ne zai yi maka, domin da hannu ɗaya ba za ka iya tattaro fata ka kuma soka ba. Guji tabo, da tawadar Allah, da inda ya yi ja ko tauri ko rauni. Mai borin jini ya nemi inda fata take lafiya a ranar. Idan allurai biyu ne, a raba su da aƙalla santimita 2 da rabi, ni dai na fi son ɗaya a wannan cinya, ɗaya a waccan. Karo na gaba kuma a sauya wuri.

Ga mai fara koyo, cinya ta fi sauƙi: kana zaune, kana ganin abin da kake yi, hannuwanka biyu suna aiki.

5. Goge fata, sannan ka cire murfi

Goge wurin da audugar sifirit ka bar shi ya bushe da kansa. Kada ka hura, kada ka yi fifita, kada ka sake taɓawa. Soka allura a kan jiƙaƙƙen sifirit shi ne raɗaɗin da mutane da yawa suke ɗora wa maganin. Sai komai ya kammala za ka cire murfin: ja shi kai tsaye ba tare da murɗawa ba, ka jefa shi. Ɗigo ɗaya a bakin tsinin ba komai ba ne. Murfin da aka cire ba a mayar da shi.

6. Yi allurar

Idan sirinji ne: da hannu ɗaya ka tattaro fata tsakanin babban yatsa da manuniya, ka riƙe. Ana son maganin ya shiga kitsen da ke ƙarƙashin fata, ba cikin tsoka ba. Da ɗaya hannun ka soka tsinin gaba ɗaya, a karo guda, a kusurwar da aka koya maka, tsakanin digiri 45 da 90. Kada yatsanka ya hau sandar turawa sai tsinin ya gama shiga. Daga nan ka tura a hankali har ƙarshe, har kan sandar ya shige tsakanin fikafikan ya buɗa su. Za ka ji yana ɗan turjiya saboda kaurin ruwan, ci gaba kawai, ba da ƙarfi ba. Ka ɗan dakata daƙiƙu biyar, sannan ka sassauta yatsa, kariyar za ta rufe tsinin da kanta.

Sokawa da sanɗa ta fi zafi. Na ga wata uwa da ta ɗora tsinin a cinyar ɗanta tana dannawa kaɗan-kaɗan don tausayi, yaron yana ta zillo, ita kuma hannunta yana rawa. Na ce ta ɗora gefen tafin hannunta a kan cinyar yaron don ya samu madogara, ta ce masa ya ja numfashi ya hura kamar mai kashe kyandir, ta soka lokacin da yake hurawa. Da ta gama, shi ne ya tambaye ta ko an fara.

Idan alƙalami ne, wanda ake ba wa masu shekara 12 zuwa sama: ɗora bakinsa a miƙe a kan fata, ka danna da kyau ka riƙe. Za ka ji ƙas na farko, wato an fara. Za ka ga koren alama yana tafiya a cikin tagar. Ƙas na biyu yana nufin an kusa gamawa, ba an gama ba. Ci gaba da riƙewa har koren alamar ya tsaya cak, sannan ka ɗaga a miƙe. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya zabura da ƙarar farko ya ɗage hannu, maganin ya tsiyaye a kan fata.

Idan ɗan jini ya fito, danna busasshiyar auduga na ɗan lokaci ka sa filasta. Kada ka murza wurin.

7. Zubar da allurar nan take

Daga hannunka sai mazubi, ba tebur ba, ba kwandon shara ba. Sau ɗaya ake amfani da kowane sirinji ko alƙalami.

8. Zauna ka saurari jikinka

Nan ne gundarin aikin. A asibiti akan tsare mutum kamar sa'a biyu bayan kowace daga allurai ukun farko, daga baya kuma minti 30. A gida ma kada ka yi ƙasa da minti 30 ɗin nan kana zaune, da mutum kusa da kai, ba ka shiga wanka ka kulle ƙofa ba, ba ka hau tuƙi ba.

Anafilaksis da wannan magani ba kasafai yake faruwa ba, ƙiyasin da ke cikin takardar maganin bai wuce kamar mutum ɗaya zuwa biyu cikin dubu ba. Amma yana iya kisa, shi ya sa aka sa gargaɗinsa cikin akwati a saman takardar a Amurka. Kuma yana da halaye biyu da suke yaudarar mutane. Yakan zo bayan sa'o'i, har washegari. Yakan kuma zo wa wanda ya shekara yana allurar lafiya lau. Don haka adirenalin yana tare da kai yinin nan da washegarinsa duk inda ka sa ƙafa.

Alamomin da za ka lura da su: numfashi yana fita da ƙara ko yana sarƙewa, tari da matsewar ƙirji farat ɗaya, kumburin leɓe ko harshe ko maƙogwaro, murya ta dushe, haɗiya ta gagara, jiri ko jin za ka suma, zuciya tana bugawa da sauri, jiki ya ɗauki ɗumi da ƙaiƙayi ko'ina, ciwon ciki da amai. Wasu sukan ce sun ji gabansu yana faɗuwa kawai, kamar wani mugun abu zai faru. Wannan ma a ɗauke shi da muhimmanci.

Idan numfashi, ko maƙogwaro, ko jiri ya shigo ciki, kada ka ce bari in ga abin da hali zai yi. Soka adirenalin a gefen cinya ta waje, ko ta kan tufafi ne, wanda ke tare da kai kuma ya kira agaji a lokaci guda. Kwanta ka ɗaga ƙafafu. Idan kwanciya tana hana ka numfashi, zauna ka miƙe ƙafa, amma kada ka tashi tsaye ko ka yi tafiya. Bayan minti biyar idan babu sauƙi kuma akwai adirenalin na biyu, a yi shi. Ko da ka ji garau, sai an je asibiti, domin borin yakan lafa ya dawo. Ƙwayar hana ƙaiƙayi ba ta maye gurbin adirenalin, inhela ma haka. Kuma daga ranar babu sauran allurar Xolair sai abin da likita ya ce.

Mai borin jini yana da wahala ta musamman a nan, tunda kullum cikin ruɗu-ruɗu yake. Abin da zai tambayi kansa shi ne: wannan irin wanda na saba ne, ko ya zo da wani abu daban, a numfashi, a murya, a kai? Mai shan maganin zuciya ko hawan jini irin su propranolol da atenolol ya tabbata likita ya sani, don suna rage wa adirenalin ƙarfi.

Ja, ɗan kumburi ko ƙaiƙayi a daidai wurin allurar, da ciwon kai, abubuwa ne da aka saba gani kuma sukan wuce. Amma zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi da ƙuraje cikin kwana ɗaya zuwa biyar bayan allura, ko ciwon ƙirji, ko mutuwar wani ɓangaren jiki, ko jin dindiris a hannu da ƙafa, waɗannan na likita ne ba tare da jinkiri ba.

9. Rubuta

Kwanan wata, adadi, wurin da ka soka, lambar rukunin da ke jikin kwali, da duk abin da ka ji. Ƙara da sau nawa ka ɗauki inhelar gaggawa a makon, ko darare nawa ƙaiƙayi ya hana ka barci, ko ƙanshi ya fara dawo maka a hanci. Da wannan littafin likita zai gane ko maganin yana aiki.

Idan wani abu ya rasa ko ya kuskure

Wuta ta ɗauke, ko kana tafiya: ana iya fitar da maganin a mayar da shi firji, amma jimillar zamansa a waje kada ta wuce kwana biyu, kuma kada zafin ya haura digiri 25. Sa kwalin a kula mai ƙanƙara, ka naɗe ƙanƙarar da tawul don kada ta taɓa shi. Wanda ya daskare ya lalace, ko da ya narke ya koma garau. Saboda haka ma a firji ba a jingina shi da bangon baya ko kusa da gidan ƙanƙara. A jirgin sama yana cikin jakar hannu, tare da takardar likita.

Babu audugar sifirit: wanke wurin da sabulu da ruwa, ka tsane da tsabtataccen ƙyalle. Babu mazubin allurai: nemi jarkar roba mai kauri da murfi mai ɗaurewa, ka rubuta a jikinta cewa allurai ne, idan ta kai kashi uku cikin huɗu ka rufe ka kai asibiti ko kantin magani. Ba kwalba ba, ba leda ba.

Babu adirenalin, ko babu wanda zai zauna da kai: wannan ba shi da madadi. Ɗaga allurar ka kira asibiti, ko ka ɗauki maganin a kula ka je a yi maka can.

Ka manta ranar, ko maganin ya zube rabi bai shiga ba: kada ka ninka, kada ka buɗe wani sirinjin da ra'ayinka. Kira ka faɗi abin da ya faru, su za su tsara maka. Idan kuma abin da aka ba ka kwalba ce mai garin magani da ake haɗawa da ruwa, wannan aikin ma'aikacin lafiya ne, ba na gida ba.

Sauran magungunanka suna nan daram. Mai asma da ya ji sauƙi bayan wata biyu ya watsar da inhelar kullum, ko ya yanke ƙwayar sitiroyid rana ɗaya, ya jefa kansa cikin haɗari, likita ne yake rage su daki-daki. Mai tsiron hanci ma yana ci gaba da feshin hancinsa. Ka kuma sanar da likita idan nauyinka ya sauya sosai, don adadin yana iya sauyawa, ko idan an samu juna biyu ko ana shayarwa, ko idan kana zaune inda tsutsar ciki ta yi yawa, tunda IgE yana cikin abin da jiki yake yaƙarta da shi. Idan wani likitan ya auna IgE ɗinka ya ga ya hau, gaya masa kana kan omalizumab: gwajin yana ƙirga har da wanda maganin ya riga ya ɗaure, kuma yana iya zama a sama har shekara guda bayan an daina, don haka ba a sake lissafin adadi da shi.